Yadda za ka fitar da kiɗan tsirkiya daga cikin zane

Izgar da nake goga biyola da ita, wato wani irin gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, gashin wutsiyar doki ne, sili fiye da 150 da aka miƙe a jikin sanda. Buroshin mai zane shi ma gashi ne a bakin sanda. Na yi shekara da shekaru ina riƙe da ɗaya ban taɓa kawo ɗayan a raina ba, sai ranar da na zauna a ɗakin aikin wata dattijuwa mai zane a nan Kolon, ƙasar Jamus, ina kallon wuyan hannunta. Ta danna buroshi da ƙarfi a farkon layi, ta ja, fenti yana ƙarewa a hankali har layin ya tsinke ya koma ɗigo-ɗigo. Abin da nake yi ke nan kullum idan na ɗauko sauti daga gindin izga na ja shi zuwa tsini. Duk abin da zan gaya maka a nan daga wannan wuyan hannun ya samo asali.

A Turai da Amurka irin wannan aiki ya zama ruwan dare. Gidan adana zane zai gayyaci makaɗa huɗu, masu biyolin biyu (ƙanen biyola ne, mai siririyar murya) da mai biyola da mai celo (babban wansu mai kaurin murya), a zaɓi hoto ɗaya, a rubuta masa sabon kiɗa, a kaɗa a gabansa. Al'adar ba ta yau ba ce. Mussorgsky, mai rubuta kiɗa ɗan Rasha, ya yi nasa da fiyano a 1874, bayan ya zagaya baje kolin zanen abokinsa Viktor Hartmann wanda ya rasu a 1873. Sai dai shi labarin abin da ke cikin hotunan ya bayar: ga keken shanu yana tafe da nauyi, ga 'yan tsaki, ga babbar ƙofar birni. Yawancin masu rubuta kiɗa na wannan zamani sun bar wannan hanya, ni ma ina so ka bar ta, ko da a aikinka na farko ne kawai.

Fara da zaɓen zanen da ƙafarka za ta iya kai ka gabansa. Hoton waya ba ya yi. Waya tana mayar da zanen da ya kai tsawon bango daidai da tafin hannu, tana shafe kaurin fenti, ba ta nuna maka inda buroshi ya yi gaggawa da inda ya tsaya. Gani ya kori ji, kuma a wannan sana'ar gani da ido ya kori gani a waya. Ka je sau uku, kowane zuwa ka ba shi aƙalla rabin awa. Zuwan farko kada ka ɗauki kayan kiɗa, ɗan littafi da fensir sun isa. Kada ka rubuta "akwai bishiya, akwai jirgin ruwa". Rubuta inda idonka ya fara sauka, daƙiƙa nawa ya yi a wurin, ina ya nufa daga nan, ina ya maƙale ya kasa wucewa. Zuwa na biyu ka matsa kusa iyakar yadda masu gadi za su bar ka, ka tsaya daga gefe yadda haske zai kwanta a kan fentin, ka nemi amsar tambaya ɗaya: me aka fara shafawa, me aka ɗora a kansa, me aka kankare? Zuwa na uku ka tafi da makaɗanka, ka yi shiru, ka bar su su kalla.

Na san muhimmancin wannan ne ta hanya mai ɗaci. Aikina na farko da dattijuwar nan a kan wani zanenta ne na kogi da dare, da kwale-kwale biyu da tsuntsaye a sama. Na yi mako shida ina rubutu. Na sa celo tana kaɗawa kamar igiyar ruwa, na sa biyolin tana kukan tsuntsu a can ƙololuwar tsirkiya. Muka kaɗa mata a ɗakinta, ta saurara har ƙarshe hannunta a haɓa. Da muka gama ta ce, "Samari, ka kaɗa kogi. Kogi kowa ya san shi. Ni kuwa wata uku na yi ina faɗa da wannan kusurwar." Ta kama hannun rigata ta ja ni zuwa ƙasan zanen ta hagu, wurin da na ɗauka duhu ne kawai. Ta sa farce ta nuna mini. Akwai ja a can ƙasa, an rufe shi da kore, an kankare koren da wuƙa har zaren kyallen ya bayyana, an sake rufewa da baƙi mai shuɗi-shuɗi, ga sawun wuƙar nan a jere kamar kunyar gona. Hawa biyar na ƙirga. Ban ga ko ɗaya ba a da, domin kwale-kwale na je nema. A daren ban yi barcin kirki ba, washegari na ajiye takardun nan gaba ɗaya.

To me za ka nema idan ba abin da aka zana ba? Dubi abin da Henri Dutilleux, Bafaranshe mai rubuta kiɗa, ya yi da zanen daren taurari na mai zane Van Gogh, wanda aka zana a 1889. Bai tsaya ƙirga taurari ba. Abin da ya kama shi shi ne sararin da ke tsakanin sama mai juyawa da ƙauyen da ke kwance a ƙasa. Sai ya cire masu biyolin da masu biyola kaf daga ƙungiyar, ya bar celo 12 da manyan bas 10, waɗanda suka fi celo kaurin murya, a ƙasa, kayan busa da na ƙarfe a sama, tsakiya kuwa wayam. Rostropovich, shahararren mai celo ɗan Rasha, ya jagoranci kaɗa shi a Washington a 1978. Ni mai biyola ne, an kore ni daga wannan kiɗan tun kafin a fara, amma ban san wata shawara da ta fi wannan dacewa da wancan zanen ba. Kai ma tambayi naka zanen: wa zai yi shiru? Ba dole ba ne mutum huɗu su yi ta kaɗawa daga farko har ƙarshe don kawai an biya su su huɗu.

Daga nan sai babbar matsala, wadda ita ce ainihin aikin. Zane yana tsaye ne gaba ɗayansa a lokaci guda, kiɗa kuwa tafiya yake yi, dole wani abu ya riga wani. Zanen ba zai gaya maka ina ne farko ba. Kai za ka yanke. Kana iya bin hanyar da idonka ya bi, ka ga amfanin littafin nan na zuwan farko. Kana iya karanta shi daga hagu zuwa dama kamar rubutu, wanda ya fi sauƙi amma ya fi saurin gundura. Ni wadda na fi so, kuma wadda na koma kanta a aikin kogin, ita ce bin hawa-hawan fentin yadda mai zane ya shafa su: abin da ke can ƙasa ya fara shigowa, na biyu ya zo ya danne shi, amma kada ya kashe shi, ya bar shi yana leƙowa. Haka na ba celo sauti ɗaya tak, mai kauri, ta riƙe shi kusan minti biyu, shi ne jan nan. Biyola ta shigo ta rufe shi. Can sai biyolin ta biyu ta danna izga da ƙarfi fiye da kima har sautin ya fashe ya zama ƙara, ta kankare biyolar, sai ka sake jin celo tana nan inda aka bar ta.

Idan kana shakkar ko kiɗa mai jinkiri haka zai riƙe mutane, nemi wanda Morton Feldman, Ba'amurke, ya rubuta a 1971 domin ɗakin ibadar Rothko da ke Houston, a jihar Texas. Ɗaki ne mai kusurwa takwas, da manyan zane 14 na Mark Rothko, dukkansu masu duhu, babu mutum babu bishiya a ciki. Rothko ya rasu a 1970 bai ga buɗewar ɗakin ba. Feldman ya ba biyola jagoranci, da mawaƙa da 'yan kayan bugawa, komai a hankali, komai ƙasa-ƙasa. Sai dab da ƙarshe biyolar ta ɗauko wani ɗan karin waƙa mai sauƙi wanda ya rubuta tun yana ɗan shekara 15. Duk sanda na kai wurin nan sai tsigar jikina ta tashi, kuma na san dalili: minti ashirin da ya hana ni karin waƙa su suka sa wannan ɗan guntun ya yi nauyi haka.

Kafin ka taɓa takardar nota, wato alamomin da ake rubuta kiɗa da su, yi zanen kiɗan tukuna. Samo doguwar takarda, ko ka manna fallaye da yawa a jere a bango. Daga hagu zuwa dama lokaci ne, daga ƙasa zuwa sama kaurin sauti ne zuwa sirantarsa. Ni ina ba kowane santimita ɗaya daƙiƙa 2, saboda haka kiɗan minti 6 yana cin santimita 180, kusan tsawon mutum a kwance. Kowane makaɗi da launin fensirinsa. Wannan ba dabarata ba ce. Iannis Xenakis, injiniya ɗan Girka da ya yi aiki a ofishin mai tsara gine-gine Le Corbusier, a kan takardar lissafi mai gida-gida ya ja layukan kiɗansa mai suna Metastaseis, inda masu tsirkiya 46 kowa yake da nasa layin, suna zamewa daga sauti ɗaya suna bazuwa. An fara kaɗa shi a garin Donaueschingen na Jamus a 1955. Kaija Saariaho ta ƙasar Finland, wadda ta rasu a 2023, ta karanci zane kafin ta tsaya a kan kiɗa, kuma siffar Verblendungen, aikinta na 1984, daga shafin buroshi guda ta fito: kauri a farko, yana sirancewa har ya ɓace. Amfanin takardar bango shi ne kana ja da baya taki uku ka ga kiɗanka gaba ɗaya, ka ga inda ya cunkushe da inda ya yi rami.

Yanzu izga. Abu uku ne a hannunka na dama: nauyin da ka ɗora, saurin da ka ja, da wurin da ka goga a jikin tsirkiya. Duk launin sautin kayan goge daga ukun nan yake fitowa. Matsa dab da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, sauti zai yi tsini ya yi ƙyalli kamar gilashi. A takarda za ka rubuta sul ponticello. Koma can kan baƙin allon da yatsu ke takawa, sul tasto ke nan, zai yi laushi ya dushe kamar hazo. Nauyi da yawa da ja a hankali, ƙarar kankara. Nauyi kaɗan da ja da sauri, iska ta fi sauti yawa, kamar buroshin da fentinsa ya kusa bushewa. Juya izgar ka buga da sandar, col legno, ka sami ɗigon da ba shi da jiki, sai dai ka sanar da makaɗa da wuri su zo da tsohuwar izga, babu mai son ya goge fentin mai tsadarsa. Tsinkar tsirkiya da yatsa ɗigo ne mai jiki. Taɓa tsirkiya a daidai rabinta ba tare da ka danna ba, sauti siriri mai haske zai tashi, ninki ɗaya sama da na asali.

Haɗa waɗannan da abin da hannun mai zane ya yi, ba da launin da ya zaɓa ba. Inda ya danna, danna. Inda ya shafa a guje, ja a guje. Ina roƙonka kada ka faɗa tarkon cewa ja shi ne sauti kaza, shuɗi sauti kaza. Na gwada da ɗalibaina a kan tagar da Gerhard Richter ya yi wa babban cocin Kolon a 2007, murabba'in gilashi fiye da 11,000 masu launi 72 da aka jera ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta. Muka ba kowane launi sautinsa, muka bi layi-layi. Lissafin ya fita daidai, kiɗan kuwa bai da rai. Sai da wata ɗaliba mai celo ta ce mu koma da rana tsaka mu ga yadda launukan ke zubowa a kan ginshiƙai da kafaɗun mutane suna matsawa sannu a hankali, sannan muka gane abin da ya kamata mu kaɗa.

Akwai abin da ba na mantawa a nan. Ina yaro a Zariya na sha tsugunawa kusa da wani tsoho mai goge idan ana biki a unguwarmu. Kafin ya fara sai ya ciro ɗan dunƙulen ƙaro daga aljihu ya goga wa izga, ya goga wa tsirkiyar, wadda ita ma gashin doki ce. Wata rana na ce, "Baba, me ya sa gogenka yake da dishi-dishi?" Ya ce, "Yaro, muryarsa ke nan." Na zo Turai malamaina suka yi shekaru suna wanke wannan dishin daga hannuna, suna neman sauti tas kamar ruwan randa. Da na shiga kiɗan zamani sai na tarar takardu suna neman dishin nan da sunansa, har da alamarsa ta musamman. Saboda haka idan kana Kano ko Damagaram kana karanta wannan, kada ka ce sai ka tara makaɗa huɗu irin na Turai. Mai goge ɗaya da mai kukuma, ko mai biyolin ɗaya idan akwai, sun isa a fara. Abin kallo kuwa ga shi nan a jikin tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, ga Gidan Makama a Kano, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga: dogayen asake suna saukowa, ga tambari yana nannaɗe kansa. Je wurin mai ɗinkin ka ga ta ina yake fara sa allura. Sharaɗi ɗaya ne: mai goge ba ya danna tsirkiya a kan allo, a iska yake taɓa ta, kuma yana ɗaure ta ne daidai da muryarsa. Sauran su daidaita da shi, kada a tilasta masa ya bi ma'aunin fiyano. Mai biyolin kuma ya kula da hunturu, bushewar iska tana tsaga katako. Ɗan soso mai danshi a cikin roba mai huji-huji, a ajiye cikin akwatin, yana taimakawa.

Gwajin farko ka kai wa makaɗa takardar bangon, ba nota ba. Nuna wa kowa launinsa, ka riƙe agogo, su kaɗa abin da suka gani. Ɗauki sautin da waya. Za su yi abubuwan da ba ka taɓa tunani ba, musamman mai celo, domin hannunsa ya san kayansa fiye da kanka. Saurara a gida sau biyu ko uku, zaɓi abin da ya tsaya, sannan ka zauna rubuta nota. MuseScore, manhajar rubuta nota a kwamfuta, kyauta ne kuma ya ishe ka. Idan ba ka taɓa rubuta wa makaɗa huɗu ba, ƙungiyar Kronos ta San Francisco, wadda David Harrington ya kafa a 1973, ta sa an rubuta sababbin kaɗe-kaɗe 50 a shirinta na Fifty for the Future, ta zuba takardunsu da sautinsu a intanet kyauta, har da na Fodé Lassana Diabaté mai kiɗan balafon, wato kayan kiɗa na jerin katakai da ake bugawa. Buɗe takarda, kunna sauti, bi da yatsa. Kuma ka tsaya a minti 5 zuwa 7. Aikin farko da ya wuce haka yawanci maimaici ne ya cika shi.

Maganar izini ba ta da tsawo amma kada ka tsallake ta. Yin kiɗa saboda ka kalli zane ba ya bukatar izinin kowa. Sa hoton zanen a fosta, ko haska shi a bango, ko ɗora bidiyonsa a YouTube, wannan yana bukata, kuma a Jamus da Najeriya haƙƙin mai zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. A rubuta yarjejeniyar, ko da layi biyar ne. Kuɗin makaɗa ma a faɗe shi tun kafin gwajin farko.

Ɗakunan baje kolin zane ba don kiɗa aka gina su ba. Daɓe mai tauri, bango fari sumul, rufi can sama. Shiga tun kwana biyu kafin ranar, tsaya inda makaɗa za su zauna, tafa hannu sau ɗaya, ka ji tsawon lokacin da amsa-kuwwar za ta ɗauka kafin ta mutu. Idan ta daɗe, wurare masu sauri za su cakuɗe. Rage gudu, ko ka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin kujeru, kuma ka tuna jikin mutane zai sha wani kaso idan ɗakin ya cika. Zaunar da makaɗa a gefen zanen, kada su tare shi. Kafin a fara ka roƙi jama'a su kalla minti biyu ba magana. Kada ka yi musu dogon bayani, jimla uku ta isa. Idan an gama, a ɗan huta, a sake kaɗa shi daga farko. A ji na farko mutane suna neman kwale-kwale ne kamar yadda na nema. A na biyu suke fara jin abin da ke wurin.

Kiɗan kogin da na sake rubutawa minti 6 ne da 'yan daƙiƙu, ya ci mini wata huɗu. Mun kaɗa shi a wani ƙaramin ɗakin baje koli, mutum kamar 40, a watan Nuwamba, ana yayyafi a waje. Dattijuwar tana layin gaba. Da biyolin ta biyu ta kai wurin kankarar, na ɗago ido daga takarda na ga hannunta na dama a kan gwiwa, yatsu a dunƙule kamar tana riƙe da wuƙar fenti, yana ja zuwa ƙasa a hankali. Bayan an watse ta zo inda muke naɗe kaya, ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. Ta ce koren ya fi haka daɗewa kafin ta kankare shi, kusan mako uku tana kallonsa kowace safiya tana jin kamar zai yi. Na ciro fensir a nan tsaye, na ƙara wa biyola daƙiƙa 20 kafin shigowar biyolin ta biyu, na ce ta zo gwaji ranar Talata ta ji ko sun isa.